Tukunyar da Ba a So Ta Tafasa

Aikina haɗa haƙoran roba ne. Ni ba likita ba ne, amma a Sakkwato ta wancan zamani duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita ne. Na yi ta gyara wa mutane har na gaji na bari. Likitan haƙori shi ke cirewa, ni kuwa ina can ɗakin baya, wani ɗan kurkuku mai taga ɗaya, ina cike giɓin da ya bari.

Daga ƙasarmu ta kan duwatsu aka turo ni, lokacin da kuɗin mai suka yi wa gwamnatin soja yawa har ta rasa inda za ta sa su. Matata ta biyo ni da yaranmu ta yi bazara ɗaya. Zafi ya feso wa yaran da ƙuraje, ta tattara su ta koma gida, ta ce in na gama gasuwa na same su can. Ban ga laifinta ba. Na kama ɗaki a wani gidan haya a Sabon Gari, in tashi in hau keke zuwa aiki, in dawo in dafa 'yar shinkafata in ci ni kaɗai, ranar Lahadi in je coci. Tsakanina da mutanen gidan gaisuwa ce, daga ita sai rufe ƙofa. Kada in ɗora musu laifin duka, ni ma fuskata ba ta gayyatar mutum. Akwai ranakun da sai na jingine keke da yamma zan tuna cewa tun safe ban furta komai ba sai "shigo" da "buɗe baki".

Cikin damina, watan azumi na matsowa, aka turo mini wani dattijo daga ɗakin likita. Siriri ne, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki har hanci. Sai da ya tabbata ƙofa a rufe take sannan ya sauke. Shekarar ce aka biya ma'aikata ariyas, kowa ya ruga ya sayi babur tun bai iya hawa ba. Wani saurayi ya kwashe shi a bakin Ƙofar Taramniya, haƙoran gaba na sama suka zube, sauran da suka rage suna girgiɗi likita ya ƙarasa su. Dasashin ya warke, amma baki ya zama kango.

Ya gaya mini abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba. Shi ke tafsiri a masallacin unguwarsu duk azumi, ya gada daga mahaifinsa. Tun da haƙoran suka tafi, in ya zo kan wasu haruffa sai iska ta riga sautin fita. Ya gwada karatu a zaure, na baya ba su ji ba, wani na gaba ya ƙunshe dariya. Dattawan unguwa suka zo suka gaishe shi da ladabi, suka ce in har aka ga wata bakin bai gyaru ba, a bar ɗan ƙanensa da ya dawo daga karatu ya riƙe masa na bana.

"Na bana anka ce," in ji shi da harshensu na Sakkwatawa. "Amma Likita, wanda duk yah hau buzun ga, ba a ce mai sauka."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, za a yi."

Baki ne ya yi saurin faɗa. Da na koma na buɗe kabad sai gabana ya faɗi. Abin da muke yin gindin haƙoran da shi kala biyu ne, wata hoda mai launin dasashi da wani ruwa mai warin da ke hawa kai. Daga ƙasar waje ake kawo su, ga shi jiragen ruwa sun cushe a Legas da siminti, kayan asibiti na bayan layi. Ƙasa tana iyo cikin kuɗi, gwangwanina kuwa sai da na karkata shi kafin in ga abin da ya rage a gindi. Na auna da ido, na bakin mutum ɗaya ne cif, ba ragowar ko da ta faci. Na aika direban asibiti ya tambayar mini a Kano da Zariya, ya dawo ya ce su ma kuka suke.

Aikin ba na zuwa ɗaya ba ne. Sai an ɗauki awon dasashi, a zuba farar ƙasa a fitar da siffar bakin, a gina na gwaji da kaki, a jera haƙoran a kai ɗaya bayan ɗaya. Malam ya riƙa zuwa da hantsi. Sauran mutane in na gama da su har tuntuɓe suke yi wajen fita, don warin ɗakin. Shi sai ya gyara zama a kan kujerar ƙarfe ya tsura wa hannuna ido. Mutum ne mai tambayar tsiya, komai sai ya ji dalilinsa. Da farko haushi ya riƙa ba ni. Daga baya na kama kaina ina leƙen taga in hantsi ya yi.

Wata rana ya ɗauki kwalbar ruwan ya sansana, ya yamutsa fuska.

"Mi ka sa abin ga shi yi tauri? Bushewa shikai, kamar tubali?"

Na ce a'a, ba bushewa ba ne. Ruwan nan cike yake da 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace tana yawonta ita kaɗai. A cikin hodar akwai wani magani da ke barci. In zafi ya tashe shi sai ya cafki ƙwaya ɗaya, ita ma ta cafki ta kusa da ita, haka haka har su zama dogon zare, kamar ana zira carbi. Bakin zaren a raye yake, kamu kawai yake yi. Ba ya dainawa sai ya ci karo da bakin wani zaren, su ƙulle da juna, shi ke nan duka biyun sun mutu.

"To, su yi ta gamuwa mana," in ji shi.

Na ce ai nan gizo ke saƙar. Muddin abin yana ruwa-ruwa, zaruruwan na yawo yadda suka ga dama, suna gamuwa da wuri, aikin na tafiya sannu a hankali. Amma in suka yi tsawo suka yi yawa, sai su sarƙe, wannan ya harɗe wancan, babu mai iya gusawa. Bakin wannan ba ya kaiwa ga bakin wancan. Su kuwa ƙananan ƙwayoyin ba abin da ya tare su, suna kurɗawa ta tsakani suna kai kansu. Babu mai mutuwa, kowa sai ci yake yi. Nan take aikin ke zabura. Ga shi kowane kamu zafi yake fitarwa, zafin kuma ya ƙara zuga su.

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Kasuwa ke nan in ta cika. Masu raƙuma sun maƙale, 'yan talla na ratsawa."

Na ce wallahi ko malaminmu na makaranta bai faɗe shi haka ba.

"Ashe rashin gamuwa ka ƙara musu wuta," ya ce, yana dariya da hannu a baki.

Na ƙara masa da cewa ƙullun haƙori ya fi kowane haɗari, domin hodar ita kanta tsofaffin zaruruwa ce, tun ana kwaɓawa ya riga ya fara sarƙewa. Shi ya sa ake danne shi cikin ɗan akwatin tagulla, a sa a ruwa mai zafi wanda bai kai tafasa ba, a bar shi wuni guda. Ruwan waje shi ke shanye zafin ciki. In aka yi gaggawa aka tafasa tun farko, zafin ciki ya rasa inda zai je, ragowar ruwan maganin ya tafasa a cikin ƙullun, kumfa ta tashi ta daskare a ciki, ba mai fitar da ita. Sai can ƙarshe, in ya yi taurin da ko ƙananan ma ba sa iya motsi, aikin ya lafa, sannan ake ƙara wuta a ƙarasa shi. Ya ce dama gaggawa aikin Shaiɗan ce. Muka yi ta hira har aka kira azahar, ranar ko abincin rana ban tuna ba.

Ranar gwajin kaki ba zan manta da ita ba. Na sa masa, na miƙa masa madubi, ya ture madubin. Ya gyara murya ya ja wata aya. Ni Kirista ne, ban san ma'anarta ba, amma na ji haruffan sun fito tas, kowane da gefensa. Shi ma ya ji. Ya sake ja, ya ɗaga murya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Da ƙyar na karɓe su kafin zafin baki ya narkar da kakin. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce warin ɗakin ne.

Daga nan babu komawa baya. Na binne na gwajin a farar ƙasa cikin akwatin, na narkar da kakin na zubar, ya bar gurbinsa. Saura in kwaɓa in dafa. A daidai nan hadari ya zo da tsawa ya ƙone taransifomar layinmu. Janaretan asibiti ɗakin tiyata kawai yake ba wuta. Tukunyar lantarkina, mai riƙe zafi daidai ba sai an tsaya a kanta ba, ta zama kwanon banza. Na jira, na je na yi masifa a ofis, aka ce ana kan aiki. Sha'aban ya raba tsakiya ya fara gangarawa. Na ce to, da hanau gara mannau, a gida zan dafa.

Ranar Asabar da sassafe na kwaɓa a ɗakina. Na kankare gwangwanin har sai da ya yi ƙara. Ƙullun ya wuce yashi-yashi, ya yi yauƙi kamar kuɓewa, sannan ya daina kama yatsa. Na cusa, na danne, na ɗaure akwatin. Na fito tsakar gida na hura gawayi kaɗan a kurfoti, na aza tukunya, na tsoma ma'aunin zafi, na ja kujera na zauna. In ya hau in zare gawayi ɗaya, in ya sauka in mayar. A can gefe, ƙarƙashin rumfar kwano, uwar mai gidan tana wankin shinkafar masa. Tsohuwa ce Basakkwaciya, kowa Inna yake ce mata. Ta dubi wutata, ta dube ni, ta ci gaba da wankinta.

Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji tsayuwar mota. Soja biyu suka shigo ba sallama. Wai Ogansu, wani babban hafsa, na kira, haƙorin da na yi masa yana cin dasashinsa. Na ce ina kan aiki, zan zo da yamma. Ɗayan ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya ce in shiga mota. A zamanin nan ba a ja da mai kaki. Na zare ma'aunin, na rufe tukunya, na bar gawayin da bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ko takalmi a mota na ƙarasa sawa.

Aikin da aka ɗauko ni dominsa bai wuce goga biyu da zarto ba. Amma Oga yana ganawa da baƙi, daga nan Oga yana cin abinci, daga nan Oga ya ɗan kishingiɗa. Ina kan benci a baranda ina cizon yatsa, sai ga hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Abin mamaki, sai hankalina ya kwanta. Na ce ruwan zai kashe wutar, tukunya ta huce, ba abin da zai lalace. In na koma sai in sake hurawa in ɗora daga inda aka tsaya.

Bayan la'asar suka sauke ni a bakin titi. Na shiga gida ina tsallake taɓo. Kurfotina na nan cike da ruwa, babu tukunya a kai. Na juya. Tana can ƙarƙashin rumfa a kan murhun Inna, itace na ci bal-bal, murfin na rawa yana tofar da ruwa.

"Likita, ka dawo?" in ji ta, fuskarta cike da fara'a. "Kana hita na duba wutakka. Haba ɗan nan, wa ka dahuwa da gawayi ukku? Tun kahin ruwa shi zaka na ɗauke ta na aza nan. Na buɗe na ga kayan asibiti na. Ai su tahwasa su akai da kyau, na gani sa'adda anka yi min allura. Ban bari ta huce ba ko kaɗan, sau nawa ina ƙara ruwa."

A gidan haya irin namu, mace ba ta wuce tukunyar maƙwabciya ta ga wuta na mutuwa ba ta iza ba. Abin kunya ne. Yi wa juna suke yi ba tare da an roƙa ba, wadda ba a yi wa kuwa ta san matsayinta a gidan. Tun da na tare ba a taɓa taɓa mini tukunya ba sai ranar.

Ni mutum ne mai zuciya, a wurin aiki an san ni. Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro. Kafin ta fito, tsohuwar ta miƙo mini kwano rufe da faifai, ta ce masa ce, ta san ban ci komai ba. Na karɓa. Na ce, "Na gode, Inna. Allah ya saka da alheri." Na sauke tukunyar na kai ɗaki. Na zauna a bakin gado na ci masar nan tas, ina ci hawaye na zuba, ban san na baƙin ciki ba ne ko na me.

Ba a buɗe akwatin da zafi, sai ya huce don kansa. Washegari da na dawo coci na fasa farar ƙasar a hankali, ina ta addu'a ko an dace. Daga waje lafiya lau, haƙora sun jeru gwanin kyau. Na ɗaga shi ga hasken taga. Duk inda ke da kauri ya yi fari-fari, cike da 'yan ramuka kamar cikin masa.

Na goge shi duk da haka, na naɗe a hankici na hau keke zuwa Ƙofar Taramniya. Karona na farko ke nan a zauren Malam. Na gaya masa gaskiya, ban rage ba. Ya tambayi wa ya yi wannan aiki, na ce wata tsohuwa ce ta taimake ni. Ya ce Allah shi ba ta ladar niyyarta. Ya sa haƙoran, suka zauna, ya ja aya ta fito. Na ce kada ya tauna ko da tuwo da su, na karatu ne kawai, in ya gama ya cire ya sa a ruwa. In Allah ya so su kai mu Salla. Na koma gida da ɗan guntun fata.

Ana jibi-jibin duban wata ya shigo ɗakina na asibiti. Bai zauna ba. Ya warware hankici a kan tebur, ga su gida biyu, sun rabe ta tsakiya. Wurin kurkure baki ne da alwala, ya ce, ko faɗuwa ba su yi ba. Na juya su, na haɗa, na sake juyawa. Da ina da ko cokali ɗaya na hodar nan da na ɗinke su kafin azahar. Na zazzage gwangwanin a gabansa, ko ƙura bai fitar ba.

"Bari, Likita," ya ce. "Allah bai nuhwa ba."

Cikin azumin na bi ta unguwarsu sau ɗaya da rana, na tsaya a tsallaken titi riƙe da keke. Lasifika na tashi da muryar saurayi, garau, ba gargada. Na so a ce bai iya ba, amma ya iya. Jama'a sun cika har waje. Na hango Malam a sahun gaba cikin masu saurare, kansa a sunkuye. Ban ƙarasa ba. Me zan ce masa?

Inna kuwa har na bar gidan ba ta san abin da ya faru ba. Daga ranar ta ɗauke ni ɗa. In na aza tukunya sai ta zo ta buɗe ta yi mini tsiya, wai miyata ko kare ya gani sai ya yi kuka. Masa ba ta yanke mini ba.

Sai bayan Babbar Salla kayan suka iso, katan-katan, har aka rasa wurin ajiya. Wuta ma ta dawo. Na aika wa Malam, ya zo, muka sake komai daga farko. Wannan karon bai yi tambaya ba, in na gama sai ya yi godiya ya tashi. Na dafa su a tukunyar lantarki wuni guda, suka fito garau, ko ɗigon kumfa babu. A duk shekarun da na yi ina wannan sana'a ban ƙara yin kamarsu ba.

Na sa masa. Ya datsa, ya motsa leɓe, ya gyaɗa kai.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ɗan ja mana mu ji."

"Sun zamna daidai, Likita. Ka iya aikinka."

"To baɗi in Allah ya kai mu..."

"Yaron ya iya," ya katse ni. "Mutane sun so shi. Waɗanga dai tuwo za su ci."

Ya ba ni hannu, ya sa mini albarka, ya fita. Yawanci wanda aka yi wa sababbin haƙora yakan dawo sau biyu ko uku, nan na cinsa, can na gogarsa. Na yi ta jira. Nasa ba su taɓa cinsa ko'ina ba, don haka bai sake zuwa ba. Na yi kewarsa ƙwarai, har na riƙa cewa a raina da na sani na bar musu ɗan kaifi a gefe. Ranar dai da ya fita, na wanke hannu na leƙa na ce na gaba ya shigo.